Da Wane Sikeli Za A Auna Wakilinmu?

Dattawan ƙasar Haɗejiya waɗanda suka riski zamanin cinikin gyaɗa ba su manta da tashar Malam Madori ba. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa ta nan ta kai Nguru cikin 1930, in kaka ta yi sai ka ga jakuna da raƙuma sun yi jerin gwano, ko wane manomi ya tsaya ya ƙura wa sikeli ido, malamin sikeli kuwa yana rubuta abin da ya hau. Gardama ba ta ƙarewa a wurin, amma gardama ce mai tushe, gama ga buhu, ga sikeli, ga kuma littafi. In an cuce ka, ka san inda za ka nuna da yatsa.

To, yau ba gyaɗa mu ke so mu auna ba, mutane ne. Ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗejiya, watau Haɗejiya, da Auyo, da Kafin Hausa, da Kaugama, da Malam Madori, da Birniwa, da Guri, da Kirikasamma, suna aika mutum ɗaya Majalisar Dattawa, uku kuma Majalisar Wakilai a Abuja, ban da nasu rabon cikin wakilai 30 na Majalisar Jiha da ke Dutse. In shekara huɗu ta cika, waɗannan mutane su kan komo su nemi a sake tura su. Da me a ke auna su? Galibi da rijiyar burtsatse, da buhunan taki, da yawan waɗanda suka samar wa aiki, da ko sun zo gaisuwar mutuwa. Ba mu raina waɗannan ba. Amma aikin da aka tura wakili ya yi shi ne ya ce i ko a'a sa'ad da a ke yin doka, shi ne kuwa abin da ba wanda ya ke tambayarsa a kai.

Yadda su ke yi a Amurka

Mutanen Amurka sun daɗe da wata al'ada game da wannan. Tsarin mulkinsu ya ce in ɗaya bisa biyar na wakilan da ke zaune suka nema, tilas a rubuta sunan ko wane wakili da abin da ya zaɓa cikin littafin majalisa. Tun 1973 ma Majalisar Wakilansu ta ke yin wannan da na'ura, wakili ya danna, sunansa ya bayyana a bango kowa yana gani. A Ingila kuwa wakilai kan tashi su bi ta zaure biyu, na masu yarda da na masu ƙi, a ƙirga su, a buga sunayensu cikin littafin muhawara da a ke kira Hansad.

Da ya ke akwai littafi, sai ƙungiyoyi suka shiga yin lissafi da shi. Ƙungiyar nan ta masu ra'ayin sauyi mai suna Americans for Democratic Action, wadda aka kafa cikin 1947, ta kan tsamo ƙuri'u 20 cikin na shekara ta ba ko wane wakili maki bisa ɗari. Abokan hamayyarta masu ra'ayin riƙau, watau American Conservative Union, su ma suna fitar da nasu tun 1971. Wakilin da ya ci maki mai yawa a takardar waɗannan, sai ka tarar ya kwashi kashinsa a hannu a takardar waɗancan.

Daga baya waɗansu suka ce ma'auni ɗaya bai isa ba. Wani mutum mai suna David Nolan ya zana wani taswiri, wajen 1970, inda ya raba 'yanci gida biyu. Na farko 'yancin neman abinci da mallakar dukiya: haraji nawa a ke karɓa a hannunka, wa za ka sayar wa amfanin gonarka, sai ka nemi izni kafin ka buɗe shago ko kuwa. Na biyu 'yancin mutum a kan kansa: ya faɗi ra'ayinsa, ya yi addininsa, ya je inda ya ga dama, kada a tsare shi ba shari'a. Wata ƙungiya cikin jam'iyyar Rifablikan ta ɗauki wannan tsari cikin shekarun 1990, ta riƙa ba wakili maki biyu, ɗaya a ko wane gida. Lissafin ba shi da wuya, ko ɗan aji huɗu ya yi shi. In an tsamo ƙuri'u goma, wakili ya tsaya wajen 'yanci cikin bakwai, ya ci 70 ke nan.

Amfanin raba shi biyu a fili ya ke. Akwai wakilin da ba ya son gwamnati ta taɓa aljihun ɗan kasuwa, amma bai damu ba in an rufe bakin ɗan jarida. Akwai kuma wanda zai tsaya tsayin daka a kan 'yancin magana, amma yana so gwamnati ta yanke wa ko wane kaya farashi. Maki ɗaya ya kan haɗa su wuri guda, biyu kuwa su kan rarrabe su.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka wannan sikeli ba ya ƙarya. Wanda ya zaɓi ƙuri'u goman da za a duba cikin ɗaruruwa, shi ne ya ɗora yatsa a kan sikelin, shi ne kuma ya yanke wane gefe ne gefen 'yanci. Abin da ya sa a ke iya jure wannan aibi a can shi ne littafin a buɗe ya ke. In ba ka yarda da zaɓinsa ba, sai ka ɗauko littafi ka tsamo naka goman.

Masu cewa i sun rinjaya

A nan ne gizo ke saƙar. Malamin da ya yi niyyar yi wa wakilan Haɗejiya irin wannan lissafi zai fere fensirinsa, ya ja layuka a takarda, sa'an nan ya tarar ba abin da zai cika su da shi. Majalisunmu, na Abuja da na jihohi, da baki su ke yanke mafi yawan al'amura. Shugaba ya ce masu yarda su ce i, a yi ihu, masu ƙi su ce a'a, a yi ihu, sa'an nan ya buga guduma ya faɗi gefen da kunnensa ya ji ya fi ƙarfi. Takardar zaman ranar za ta nuna an yarda da batu, amma ba za ta nuna wa ya yarda ba. Wakili ya iya yin ihun i a Abuja ranar Talata, ya zo kasuwar Haɗejiya ranar Lahadi ya rantse shi a'a ya ce, ba mai ƙaryata shi.

Malaman ofis da malaman makaranta sun fi kowa sanin nauyin wannan magana. Tun zamanin En'e ba a yarda malamin haraji ya ce unguwa kaza ta biya ba, sai ya kawo suna da suna, da lambar rasit. Malamin aji kuma ba ya tsayawa bakin ƙofa ya ce yara ku ce mun zo, ya rubuta sun zo. Rajista ya ke buɗewa ya kira ɗaya ɗaya. Abin mamaki, aikin da ba a yarda wa ƙaramin akawu ya yi shi da ka ba, shi a ke yi da ka a ɗakin da a ke yi wa ƙasa duka doka.

Ba don ba su iya ba ne. Ran 15 ga Yuli 2021, sa'ad da Majalisar Dattawa ta ke gyaran dokar zaɓe, gardama ta tashi a kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura. Shugaban marasa rinjaye, Enyinnaya Abaribe, ya ƙi yarda da hukuncin murya, ya nemi a ƙirga. Shugaban majalisar a lokacin, Ahmad Lawan, wanda mazaɓarsa ta haɗa da Nguru da Gashuwa, watau masu shan ragowar ruwan kogin Haɗejiya, ya yarda. Aka kira sanatoci da sunayensu, ko wanne ya tashi ya faɗi nasa. 52 suka zaɓi a ɗaure hukumar zaɓe da neman amincewar hukumar sadarwa da ta majalisa, 28 suka ƙi, 28 kuma ba su nan. Kashegari jaridu suka buga sunayen, mutane suka yi ta tsare wakilansu da tambaya, har waɗanda suka sulale ba su tsira ba. Kafin shekarar ta ƙare majalisar ta sake shawara ta sakar wa hukumar zaɓe mara. Haka kuma ran 1 ga Maris 2022 majalisun biyu suka yi amfani da na'ura wajen jefa ƙuri'a a kan gyare-gyare 68 na tsarin mulki, domin tsarin mulkin ya ce sai an sami biyu bisa uku, kunne kuwa ba ya ƙirga biyu bisa uku.

Ko da ya ke haka ne, cikin Maris 2025, da aka kawo batun dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas, wadda ta dakatar da zaɓaɓɓen gwamna da majalisar jiha, abin da shi ma tsarin mulki ya ce sai da biyu bisa uku, da murya aka amince da shi a majalisun biyu. Da wuya a sami batun da ya fi wannan cancantar shiga takardar mai auna 'yanci, amma ba sunan ko mutum ɗaya da za a rubuta a gabansa.

Waɗanda su ke ƙoƙarin bin diddigin majalisa a ƙasar nan, irin su OrderPaper, tilas ta sa sun fi ƙirga yawan shirin dokokin da ko wane wakili ya gabatar. Aiki ne mai amfani, amma ƙirga buhu ne ba a buɗe an ga abin da ke ciki ba.

Abin da da za a ɗora a sikelin

Bari mu ɗauka littafin yana nan, mu duba tarihin wannan yanki mu ga waɗanne al'amura ne suka taɓa 'yancin talaka ƙwarai.

Cikin Agusta 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo shawara a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna, cewa a bincika tsarin mulkin En'e a gyara shi, domin talaka ba shi da bakin magana a ciki. Wannan shawara ce ta jawo binciken Maddocks da Pott, har aka zo ga Dokar En'e ta 1954. A watan nan kuma aka kafa NEPU a Kano. Cikin 1959 majalisar ta yi dokar hukunta laifuffuka ta Arewa, wadda ta fara aiki 1960, ta rubuta wa alƙalai laifi da iyakar hukuncinsa. Cikin 1962 ta yi dokar mallakar ƙasa, cikin 1965 kuma dokar keɓe wa makiyaya wuraren kiwo. Duk waɗannan a majalisa aka yi su, akwai kuma muhawararsu a rubuce. Akwai kuma abin da ba a yi ba, wanda shi ma a kan auna wakili da shi: matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen 1959 ko na 1964 ba, sai a 1979 suka shiga zaɓen tarayya.

Ta wajen neman abinci kuwa, babban abin da ya ɗaure manomin gyaɗa shi ne Hukumar Ciniki, wadda ta koma hannun Jihar Arewa cikin 1954. Ita ke yanke farashi a farkon kaka, ita kaɗai ke fitar da gyaɗa waje, rarar da ke tsakanin abin da ta biya manomi da abin da ta sayar a Turai kuwa ta shiga asusun gwamnati. Da wannan rara aka yi hanyoyi da makarantu, gaskiya ne, amma haraji ne da manomi ya biya ba tare da an ba shi rasit ba.

Yanzu sai mai karatu ya lura da wani abu. Daga 1966 zuwa gaba, manyan al'amuran da suka juya rayuwar mutumin fadamar Haɗejiya ba su bi ta gaban wakilinsa ba sam. Madatsar Tiga, wadda aka gama cikin 1974, aikin gwamnatin soja ce ta Audu Baƙo, sa'ad da Haɗejiya ta ke cikin Jihar Kano. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are dokar soja ce ta kafa ta cikin 1976. Dokar 1978 wadda ta danƙa ƙasar ko wace jiha a hannun gwamna ita ma ta soja ce, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki yadda ba ta gyaruwa sai da wahala. Soja ne suka rushe hukumomin ciniki cikin 1986, a zamaninsu kuma aka gama madatsar Challawa cikin 1992. Ko a lokacin farar hula, soke haraji da jangali cikin 1979 daga bakin Gwamna Abubakar Rimi mutane suka ji shi. Rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, wanda ya faranta wa manomin shinkafa rai ya kuma ƙuntata wa fataken Maigatari, umurnin Shugaban Ƙasa ne. Saboda haka mai auna wakili a ƙasar nan tilas ya ƙara layi ɗaya da Amurkawa ba su cika damuwa da shi ba: sa'ad da aka yi abu ba a tambayi majalisa ba, wakilin nan ya tashi ya yi magana, ko ya yi shiru?

Inda sikelin baƙi ya ke karyewa

Akwai wuri guda kuma da lissafin Amurkawa ba zai yi mana aiki yadda ya ke ba, shi ne maganar ruwa. Kogin Kano da na Challawa su ke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya. Ya wuce Wudil da Ringim, in ya gota Haɗejiya sai ya rarrabu, wani reshe ya bi ta Marma ya zuba a tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, har su je su gamu da ruwan Jama'are wajen Gashuwa. Kafin a yi madatsun nan, ruwa kan malala cikin damina ya rufe fadama, manomi ya shuka shinkafa, masunci ya sami kifi, in ruwa ya janye a yi noman rani a danshin da ya bari, makiyayi kuma ya shigo da shanunsa. Fili ɗaya, masu ci uku, ko wanne da lokacinsa.

Da aka tare ruwan a sama, a ke kuma sakinsa kaɗan kaɗan rani da damina domin gonakin Kadawa da bukatar birnin Kano, sai wannan tsari ya rikice. Malalen damina ya ragu, hanyoyin ruwa kuwa da da su kan bushe da rani suka daina bushewa, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe su. Sai ya zama wani gari ruwa ya ci gonakinsa shekara da shekaru, wani kuma yana kallon busasshen kwari. Masana biyu, Barbier da Thompson, sun buga bincike cikin 1998 inda suka nuna amfanin da a ke samu daga manyan ayyukan ban ruwa na sama bai kai hasarar da a ke yi a fadamar ƙasa ba.

To, a ce an kawo doka wadda za ta hana mai babban injin ban ruwa ya ja yadda ya ga dama, ko ta hana masunci kafa dumba, watau shingen da a ke tare hanyar kifi da shi, ko ta hana manomi nome burtali. Mai lissafin Amurka zai ce wannan ƙarin takunkumi ne, wakilin da ya yarda da ita a rage masa maki. Amma mutumin Guri da ke ƙarshen ruwa zai ce wannan doka ita ce 'yancinsa, gama in ba ita, na sama ya shanye rabonsa. A ganinmu mutumin Guri ya fi gaskiya. Kakanninmu ma da suka naɗa Sarkin Ruwa ya faɗi ranar da za a shiga su da ranar da za a bari, ba ƙin 'yanci ne ya sa su ba. A fadama, tambayar da ta dace a yi wa doka ita ce wa ta ɗaure, wa ta kwance, wa kuma zai riƙe mabuɗin.

An sami damar yin wannan tambaya da shirin dokar albarkatun ruwa ta ƙasa, wanda aka yi ta kai da komowa a kansa zamanin da Injiniya Suleiman Adamu, mutumin Kazaure, ya ke Ministan Ruwa. Masu goyon baya suka ce tattara dokokin da ke akwai ne kawai, irin ta 1993, domin kogin da ya ratsa jihohi ya sami mai raba gardama. Masu ƙi suka ce hanya ce ta ƙwace bakin koguna daga hannun jihohi da masu gonaki, a kuma ɗora wa mutane neman lasin. Shirin ya maƙale a Majalisar Dattawa cikin 2018, aka janye shi a Majalisar Wakilai cikin Satumba 2020 don an ce ba a bi ƙa'ida ba, sa'an nan Dattawa suka yi watsi da shi cikin Yuni 2023. Kogin da ya taso daga Kano, ya ratsa Jigawa, ya shiga Yobe, ba wanda wannan magana ta shafa kamar mutanen bakinsa. Mutum mai hankali ya iya tsayawa ko wane gefe. Abin da ba shi da kyau shi ne shekara biyar ana wannan ja-in-ja, mai gona a Auyo ba shi da wata takarda da zai buɗe ya ga inda wakilinsa ya tsaya.

Haka nan gida na biyu, na 'yancin mutum a kan kansa, ba za a kwafo jerin Amurkawa a liƙa mana ba, gama abubuwa da yawa da su ke ƙirgawa a ciki jama'ar nan ba su ɗauke su 'yanci ba, addininsu kuma bai yarda da su ba. Amma akwai waɗanda ba gardama a kansu: tsare mutum wata da watanni ba a kai shi gaban alƙali ba, kama yaro don ya soki mai mulki a rubuce, karɓe gona ba diyya. Shirin dokar nan ta ƙayyade magana a intanet da aka kawo Majalisar Dattawa cikin 2019 irin abin da za a sa a wannan layi ne.

Abin da ke hannun malamai

Dokokin zaman majalisun sun riga sun ba wakili ikon ya ƙi hukuncin murya ya nemi a ƙirga, kamar yadda aka gani cikin 2021. Saboda haka tambayar farko da za a yi wa mai neman ƙuri'a, tun kafin a zo maganar taki, ita ce ko ya yi alkawarin neman a ƙirga duk sa'ad da batu ya shafi haraji, ko ƙasa, ko ruwa, ko tsare mutane, ya kuma faɗa wa mazaɓarsa abin da ya zaɓa a rubuce. Wanda ya ƙi yin wannan alkawari ya riga ya ba da amsa.

Sa'an nan akwai dokar 'yancin samun bayani ta 2011, wadda ta ba ko wane ɗan ƙasa ikon ya rubuta wa ofishin gwamnati ya nemi takarda, a kuma amsa masa cikin kwana bakwai. Jihohi sun daɗe suna cewa ba ta hau kansu ba, amma cikin Afrilu 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta hau. Malamai uku ko huɗu a Haɗejiya ko Kafin Hausa sun isa su rubuta wa Akawun Majalisa a Dutse su nemi takardun zaman shekara guda, da rajistar halarta, da muhawarar da aka yi a kan kasafin kuɗi. Su tsamo batutuwa goma, su bayyana dalilin da ya sa suka zaɓe su tun kafin su duba wa ya ce me, su haɗa da mutanen jam'iyyu dabam dabam cikin masu zaɓen don kada a ce yatsan wani ne a kan sikeli. Inda aka sami suna a rubuta, inda wakili ya yi magana a muhawara a rubuta, inda ba ya nan a rubuta ba ya nan. Layin da aka yanke da murya kuwa a bar shi fari, a aika wa wakilin da takardar, a ba shi mako biyu ya cika da hannunsa ya sa hannu, kafin a karanta ta a gidan rediyo.